Barira da Ƙunshin Makcik Salmah

Barira Ɗayyabu ba ta taɓa wuce tsohuwa da kaya a hanya ba. A garinsu wannan ba abin yabo ba ne, haka kowace yarinya ke tashi: in kin ga sa'ar uwarki tana nishi da kaya sai ki karɓa, kuma ba ki saukewa sai a inda za ta. Tana 'yar shekara tara uwarta ta tsinka mata mari a bakin rijiya, don ta dire wa wata tsohuwa tulu a rabin hanya wai wuyanta ya gaji. Ba a sake gaya mata ba har ta kai arba'in da ɗaya.

Malamar firamare ce. Shekara goma sha huɗu tana koyar da 'yan aji uku, kuma ita ce sakatariyar mata a reshen ƙungiyar malamai na ƙaramar hukumarsu. Rana ɗaya gwamnatin jiharsu ta wayi gari da doka: babu ƙungiya a makarantun jiha, babu yajin aiki, mai kuka ya rubuto shi kaɗai da sunansa. Malamai suka fito da kwalaye zuwa ƙofar majalisa, Barira na sahun gaba. Da yamma wani kwamishina ya shiga rediyo yana cewa matan aure masu yawo a titi da kwali ba tarbiyyarmu ba ce. Tarbiyya! Mutumin da ba a taɓa ganin ya buɗe ƙofar motarsa da hannunsa ba, shi ke koya wa Barira tarbiyya. Bayan sati biyu takardar kora ta iske ta a aji, alli na hannunta.

A wannan shekarar mijinta Shafi'u, malami a kwalejin jiha, ya samu gurbin digiri na uku a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, hukumar tallafin karatu ta jihar ce ta ɗauki nauyinsa. Ranar da ya je sa hannu wani babba ya ja shi gefe ya ce, "Malam, mun san wace ce a gidanka. Ka riƙe iyalinka. Takarda ɗaya muka gani daga can, ka dawo gida." Haka suka zo da 'yarsu Hanan, suka sauka a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam. Bizar Barira a jikin tasa take rataye, tasa kuma a jikin jami'a.

Shekara huɗu ta yi shiru. Ta yi girki, ta kai Hanan makaranta, ta koyi yaren Malay irin na kasuwa. Wadda ta koya mata kuwa mai sharar benen ce, Makcik Salmah (makcik a yarensu goggo ke nan), wata gajeruwar tsohuwa mai shekara sittin da uku da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa. Lokacin da zazzaɓin dengi ya kwantar da Barira, matan 'yan uwanta 'yan Najeriya saƙon waya suka turo. Makcik ce ta hau hawa goma sha ɗaya, ranar ma lif ya lalace, da ruwan ganyen gwanda a kwalba.

Barira ta san abin da ke damun tsohuwar. Masu shara na kamfanin da ya ɗauke su suna neman yi wa ƙungiyarsu rajista, kamfanin kuma duk wadda ta buɗe baki sai ya jefa ta wani gini da sai ta hau mota uku kafin ta kai. Makcik ta riga ta karɓi takardar gargaɗi biyu. Ta uku kora ce. In tana ba da labarin, Barira sai dai ta cije leɓe ta ƙara mata shayi.

Saura kwana goma sha takwas Shafi'u ya shiga viva, jarrabawar bakin da za ta rufe wahalar shekara huɗu, sai ga ɗaya ga watan Mayu, ranar ma'aikata. Barira ta ɗauki jaka za ta titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi da hijabai na tsaraba.

"Yau kuwa?" in ji Shafi'u, bai ɗago daga kwamfuta ba. "Maman Hanan, yau 'yan ƙwadago ke fita. Kin dai san dokarsu, baƙo ba ya shiga zanga-zanga. Ko tsayawa kallo kada ki yi."

"Yadi zan saya, Malam, ba majalisa za ni ba."

"Na san ki ne."

"To da ka san ni, ka taɓa ganin na yi wani abu a ƙasar nan ban da tuwo?"

Ya yi dariya, amma sai da ya biyo ta har bakin lif yana cewa ta dawo kafin azahar.

A matakalar tashar jirgin Pantai Dalam ta hango ta. Makcik Salmah ce, ba cikin kayan aiki ba, tana jan wani dogon ƙunshi da aka naɗe da zanen gado. Ta hau mataki ɗaya, ta tsaya, ta dafa gwiwa. Samari majiya ƙarfi suna ratse ta suna wucewa, kowa ido a waya. Barira ba ta yi wani tunani ba. Hannunta ne ya riga ta.

"Makcik, kawo."

"A'a, a'a, Barira, bar shi kawai."

"Kawo mana."

"Ba naki ba ne wannan. Je ki abinki."

Sau uku tsohuwar ta hana. To amma a garinsu Barira wace tsohuwa ce ba ta cewa a bar shi? Kawaici ne, kowa ya sani, ana faɗa ne ana sakin kayan. Barira ta ɗauka irin wannan ne. Ta fizge ƙunshin, ta naɗe gefen mayafinta ta yi gammo, ta aza a ka.

Sai da suka zauna a taragon mata, ƙunshin na jingine da gwiwarta, sannan ta ga ƙarshen sanduna sun leƙo ta bakin zanen. Ta ɗan ɗaga gefe. Kwalaye ne, an rubuta da jan fenti, har fentin ya ɗiga. Ba sai an karanta mata ba. Ta taɓa kwana tana buga irinsu da ƙusa.

Ta mayar da zanen ta rufe. Makcik ta kama hannunta.

"Na ce miki bar shi. Ki sauka a tasha ta gaba, ki hau wani jirgin. Ba ki gan ni ba, ban gan ki ba."

Jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Barira ta dubi ƙofar. Ta tuna Shafi'u da gashin kansa da ya yi fari a shekara huɗu, da maganar babban nan na hukuma. Ta dubi gwiwar Makcik, wadda ta kumbura har ta cika ƙafar wando. Daga tashar da za su sauka zuwa wurin taron akwai gada mai matakala, akwai tafiya a rana. Ƙofa ta rufe tana zaune.

"Zan kai miki bakin titi kawai," ta ce. "In dire in shiga kantin yadi. Wa zai kula?"

Wa zai kula! Mace doguwa, baƙa, cikin atamfa ruwan ɗorawa, da ƙunshi mai tsawon mutum a ka ba ta ko riƙe shi ba, tana tafe tana kaɗa hannu a tsakiyar Kuala Lumpur, garin da ko mai talla ba ya ɗaukar kaya a ka. Tun daga kan gada wayoyi suka fara ɗagowa. Kuma bakin titin da take nufi babu shi, don taron ya riga ya cika titin ya malalo har gindin matakala. Jajayen riguna ko'ina, ana buga ganga, wani na ihu a lasifika, 'yan sanda sun jeru a gefe sun goya hannu. Kafin ta ankara tana tsakiyarsu. Matan shara suka hango Makcik suka ɗauki sowa, suka hango abin da ke bayanta suka ƙara. Wata ta rungume ta. Aka sauke ƙunshin, aka kwance, kwalaye suka tashi sama ta kowane gefenta.

Ta juya za ta fita, sai ta ji an taɓa mata gwiwar hannu.

'Yar sanda ce, yarinya da ba ta wuce sa'ar ƙanwarta ba, da ɗankwalinta a ƙarƙashin hula. Ba ta ɗaga murya ba.

"Madam, fasfo."

Barira ta miƙa. Yarinyar ta buɗe tana dubawa.

"Kin san ba a yarda baƙi su shiga taro irin wannan ba?"

"Ban shiga ba. Kaya na ɗauko wa tsohuwa."

"Kin san abin da ke cikin kayan?"

Makcik ta kutso tana magana da sauri da Malay, tana nuna gwiwarta, tana nuna kanta. 'Yar sandan ta saurare ta, ta maimaita tambayar tana kallon Barira.

"Da farko ban sani ba. A jirgi na gani."

Yarinyar ta ɗauki hoton fasfon da shafin biza, ta rubuta sunan jami'ar mijin, ta mayar mata. Ta ce ta tafi gida yanzu, za a nemi jami'ar.

Ba ta sayi ko ƙyalle ba. Kafin ta isa Pantai Dalam bidiyon ya riga ta. Yana yawo a zauren WhatsApp na ɗaliban Arewa, wani ya rubuta a ƙasa, "Matar waye wannan don Allah?" Wani ya amsa, "Aluta ta iso KL." Masu dariya na yi, masu wa'azi na yi. Da ta buɗe ƙofa ta tarar da Shafi'u tsaye a tsakiyar falo da waya a hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi kawai, "Kwana goma sha takwas, Barira." Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Bayan kwana uku saƙo ya zo daga ofishin jami'a mai kula da ɗalibai baƙi. Suna son bayani a rubuce daga matar Shafi'u, ranar Litinin da ƙarfe goma. In bayanin bai gamsar ba, dole su sanar da masu ɗaukar nauyinsa.

Ranar Asabar da hantsi Hambali ya zo. Shi ne shugaban ɗaliban jiharsu a nan, mutum mai son a ce shi ya gyara. Ya sha zoɓo kofi biyu, sannan ya zaro takarda daga jaka ya shimfiɗa a tebur.

"Hajiya, very simple. Na riga na rubuta, hannu kawai za ki sa. Kwafi ɗaya ofis, ɗaya 'yan sanda, ɗaya masu kula da benen nan."

"Me aka ce a ciki?"

"An ce matar nan ta yaudare ki. Ta roƙe ki ki ɗaukar mata, ta ce zannuwan gado ne za ta kai wanki. Ke ba kya jin yarensu sosai. Shi ke nan, case closed."

"Ba ta roƙe ni ba. Sau uku ta hana ni."

"Haba Hajiya, wa ya ji? Wa ya gani?"

"Ni na ji."

Hambali ya dubi Shafi'u yana murmushi. "Dakta, ka yi mata bayani mana. Ita 'yar ƙasa ce, me za a yi mata? Faɗa kawai."

"Takardar gargaɗi biyu ke kanta," in ji Barira. "Ka kai wa masu benen wannan, su miƙa wa kamfani, a ce ta ja baƙuwa cikin zanga-zanga da ƙarya. Ranar za ta ajiye tsintsiya. Shekararta sittin da uku, Malam Hambali. Kai za ka ɗauke ta aiki?"

"Ni dai na san mu ba gyaran Malesiya muka zo yi ba. Kuma kada ki manta, a gida ma abin da ya faru ke nan. Ke ba kya gajiya da kwali ne?"

"Kai kuma ba ka gajiya da rubuta wa mutane abin da ba su faɗa ba?"

Ya tashi yana kaɗe riga. A bakin ƙofa ya ce wa Shafi'u, da ƙarfi yadda za ta ji, "Mu sittin da wani abu ne a kan tallafin nan. In hukuma ta fusata ba kai kaɗai za ta taɓa ba." Ya bar takardar a tebur da biro a kai.

Kwana biyu takardar nan na wurin. A gefenta suka ci abinci. Hanan ta tambaya da Turanci me ya sa ba wanda ke magana, ba wanda ya amsa mata. Ranar Lahadi bayan la'asar Shafi'u ya zauna kusa da matarsa, ya yi magana a hankali.

"Ban taɓa hana ki komai ba. Da aka kore ki ban ce miki kin yi laifi ba. Amma in aka rubuta wa hukuma, ba viva, ba aiki, mu koma da akwati kawai. Me zan ce wa Inna? Shekara huɗu ina ƙasar waje na dawo yadda na tafi?"

Barira ta ja takardar gabanta. Wallahi ta ɗauki biron. Ta karanta layin farko, ta kai inda aka rubuta cikakken sunan Makcik, har da lambar benen da take shara. Hambali har ƙasa ya sauka ya tambayo sunan. Ta tuna tata takardar korar ma haka ta zo, da sunanta cikakke babu kuskure ko ɗaya, don wata abokiyar aikinta ce ta bayar. Ta juya takardar ta baya, inda ba rubutu, ta fara nata.

Ba shi da tsawo. Ta ce ita ta karɓi kayan da hannunta, mai kayan ta hana ta sau uku. Ta ce a jirgi ta gane kwalaye ne, ta samu damar sauka ba ta sauka ba, domin a inda ta fito ba a mayar wa tsohuwa kayanta a rabin hanya. Ta ce mijinta ya gargaɗe ta da safen, ba shi da hannu. Ta tura masa.

Shafi'u ya karanta sau biyu. Ya daɗe yana murza goshi. Sannan ya karɓi biron, ita kuma ta zuba wa hannunsa ido. Turancin ya gyara mata, wuri huɗu. Maganar bai taɓa ko kalma ɗaya ba.

Ranar Litinin suka zauna gaban wata jami'a mai tabarau a ofis mai sanyi kamar firji. Matar ta karanta, ta cire tabarau, ta dubi Barira.

"Kin gane abin da kika rubuta? Kin ce kin sani."

"Na gane."

"Da kin ce ba ki sani ba, da aikina ya yi sauƙi."

"Na sani ɗin ne."

Matar ta ce tunda haka ne jami'a ba za ta iya ci gaba da tsaya mata a kan biza ba. Game da mijin kuma, sai kwamiti ya zauna ya duba ko za a rubuta wa masu ɗaukar nauyinsa, kuma in kwamiti zai zauna, sai a ɗage viva. Shafi'u ya runtse ido. Barira ta matso da kujerarta.

"In na tafi fa?" ta ce. "Ni da kaina, ba sai an kore ni ba. Cikin satin nan. Sai kwamitin ya zauna?"

Matar ta miƙe. Ta fita da takardar, ta bar su. Minti ashirin suna jiranta. Da ta dawo ta ce in an kawo mata tikiti kafin Juma'a, kuma Barira ta fita daga ƙasar cikin kwana bakwai, za a rufe fayil ɗin a matsayin maganar iyali, ba ta ɗalibi ba.

"Zai yi jarrabawarsa?"

"Boleh," in ji matar. Zai iya.

Saura kwana huɗu viva Barira ta sauko da akwatuna biyu da Hanan, wadda aka cire daga makaranta ana tsakiyar zango. Barira da ta yi shekara huɗu tana tanadin atamfar da za ta sa ranar jarrabawar, har ta ɗinka. Daga cikin matan da suka sha cin tuwonta da sallah, biyu ne suka leƙo sallama. Sauran mazajensu sun ce a yi nesa da ita tukuna.

Tasi na jira a gindin bene, Shafi'u na cusa akwati a but. Sai ga Makcik Salmah ta ɓullo daga wajen matakala cikin kayan aiki, tsintsiya a hannu. Ba a kore ta ba. Rajistar ƙungiyar ma ba a ba su ba har lokacin, amma tana nan a benenta. Wa ya gaya mata abin da aka so a rubuta, oho. Ta jingine tsintsiyar, ta zo tana jan ƙafa, ta kai hannu kan jakar da ke kafaɗar Barira za ta karɓa.

Barira ta buge hannun.

"Tak boleh, ba zai yiwu ba, Makcik. Ko yau ma ba za ki ɗauka ba."

Tsohuwar ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta kama mayafin Barira ta rufe fuska da shi har direba ya yi hon.

Shafi'u ya ci jarrabawarsa. Barira na tsakar gidan uwarta tana tankaɗe ya kira ta, ya ce an ce masa Dakta. Hambali ne ya fara sa hoton Shafi'u a zauren ɗalibai, ya rubuta dogon bayani a kan yadda shugabanci ya tsaya tsayin daka aka shawo kan matsalar. Mutum tamanin da wani abu suka yi barka a ƙasa. Ni mai ba ku labarin ina cikin zauren, na bi su ɗaya bayan ɗaya na karanta, ba wanda ya ambaci sunan Barira.